Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Wa Zai Raini Itatuwan Da Matasa Ke Dasawa A Arewacin Kamaru?

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a Garwa cikin watan Maris ko Afrilu, ba ya bukatar a ba shi labarin zafi. A irin wannan lokaci ma'aunin zafi kan haura 40, iska ta tsaya cik, kowa ya shiga neman inda zai raɓa. Mai shayi da mai canjin kuɗi da dillali da ɗan dako, duk a wuri guda za ka same su, wato ƙarƙashin darbejiya, wadda wasunmu ke kira dogon yaro. A nan ake ciniki, a nan ake sasanta rigimar bashi, a nan kuma ake shimfiɗa tabarma a yi sallar Azahar. Sai dai ba kasafai muke tambayar kanmu ba, shin wane ne ya dasa wannan itace, kuma wane ne ya yi ta ɗawainiya da shi har ya kai ga yin inuwa?

Abin da ya sa muka tayar da wannan magana shi ne wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka, ta tura yara matasa zuwa ƙauyukan wasu ƙasashe lokacin dogon hutun makaranta, su zauna a gidajen mutane, su ci abin da ake ci, su kuma taya aikin dashen itatuwa ko kula da gandun daji. Arewacin Kamaru ya ga irin waɗannan baƙi, ya kuma ga nasa matasan suna irin wannan aiki tun fiye da shekara 40 da suka wuce. Don haka muna da abin dubawa, musamman mu da cinikinmu ya dogara da abin da daji da kogi suke bayarwa.

Yadda al'adar take

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Wani kamfani ko ƙungiya kan tara yara masu shekara 14 zuwa 18, iyayensu su biya kuɗin jirgi da masauki da abinci da na jagorori, wanda sau da yawa yakan kai dubban daloli a kan yaro guda. Sai a kwaso su a watan Yuli ko Agusta, su yi mako biyu zuwa huɗu a wani ƙauye. Da safe a yi aikin gandun renon itatuwa ko cike kwazazzabo, da yamma a koyi gaisuwa da harshen mutanen garin, a je rijiya, a gwada daka. In sun koma gida, wannan tafiya takan taimaka musu wajen neman shiga jami'a. A Afirka, ƙasashen da suka fi samun irin waɗannan yara sun haɗa da Gana da Sanagal da Tanzaniya.

Abin ya daɗe. Tun a 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani mutumin Suwizalan mai suna Pierre Cérésole ya tara matasa daga ƙasashen da suka yaƙi juna, suka yi aikin gayya na sake gina wani ƙauye kusa da Verdun a Faransa. A 1958 wani limamin coci Baƙar Fatar Amurka, James Robinson, ya fara kawo ɗalibai Afirka lokacin hutu a ƙarƙashin shirin Operation Crossroads Africa. Shekara uku bayan haka, a 1961, Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps, wadda ta iso Kamaru a 1962.

Mu a nan, 'yan Peace Corps ɗin muka fi sani. Su ba yara ƙanana ba ne, domin ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, kuma yawancinsu sun gama jami'a. Ba kuma mako uku suke yi ba, shekara biyu suke zama bayan horo na kusan wata uku. A cikin shekarun 2000 an yi irin wannan horo a garuruwan da ke kusa da Garwa, kamar Pitowa da Nasarawo, inda aka rarraba su gidajen mutane suna koyon Faransanci da Fulatanci. Waɗanda ke cin kasuwar Lahadi ta Pitowa a wancan lokaci za su tuna da samari da 'yan matan Turawa a kan kekuna, suna taya albasa da Fulatancinsu na koyo. Wasunsu aikin lafiya suka zo yi, wasu kuma aikin haɗa noma da renon itatuwa.

Wannan zirga-zirga ta tsaya ne bayan abin da ya faru a watan Fabrairun 2013, lokacin da 'yan Boko Haram suka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga cikinsu yara, a kusa da Dabanga, bayan sun ziyarci gandun dajin Waza. An sako su a watan Afrilu na shekarar, amma ƙasashen Turai da Amurka sun gargaɗi mutanensu game da zuwa yankin, kuma aka kwashe masu aikin sa-kai daga Arewa Mai Nisa, daga baya har da ɓangaren Garwa. Baƙi suka tafi. Itatuwa da gonaki da zafin Afrilu suka rage mana.

Mu ma mun yi namu

Kada mai karatu ya ɗauka cewa sai Bature ne ya san wannan aiki. Bayan babban farin da ya auka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, gwamnatin Shugaba Ahmadu Ahidjo, wanda shi kansa haifaffen Garwa ne, ta ƙaddamar da shirin Sahel Vert, wato mayar da Sahel kore. A ƙarƙashinsa an riƙa kwasar ɗalibai lokacin hutu ana kai su arewa dashen itatuwa. Yaron da ya tashi a cikin kurmin kudu, inda ruwa ba ya yankewa, sai ga shi a ƙasar da ake tafiya mai nisa kafin a samu inuwa. A wajen irin wannan yaro, zuwa arewa bai bambanta da zuwa wata ƙasa ba, domin harshe daban, abinci daban, addini ma sau da yawa daban. Itatuwan darbejiya da muke gani a garuruwan arewa, wasu tun zamanin Turawa suke, wasu kuwa na wancan zamani ne.

A 1973 Kamaru ta kafa shirin bautar ƙasa na matasa don raya karkara, kuma ɗaya daga cikin cibiyoyinsa tana Langi, kusa da Pitowa. A shekarar ce ita ma Nijeriya ta kafa nata shirin na yi wa ƙasa hidima. A Nijar kuwa, a zamanin Seyni Kountché aka farfaɗo da Samariya, aka kuma mayar da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace. Duk waɗannan sun tsaya ne a kan abin da muka gada, wato gayya.

Shirin Sahel Vert ya yi sanyi lokacin da tattalin arzikin Kamaru ya shiga matsi a shekarun 1980. An sake farfaɗo da shi a 2008, musamman a Arewa Mai Nisa, inda aka killace filaye aka dasa itatuwa, aka kuma raba wa mata murhu mai rage cin itace. Tambayar da ta biyo bayan shirin farko ita ce dai ta biyo bayan na biyu: cikin abin da aka dasa, nawa ne ya rayu?

Dashe ba shi ne aikin ba

Duk manomi ya san amsar ba ta rasa nasaba da kalanda. Damina a ƙasar Garwa takan fara wajen watan Mayu ta ƙare a Oktoba. Hutun 'yan makaranta, na nan da na Turai, yana faɗowa ne a Yuli da Agusta, daidai lokacin da ƙasa ta jiƙu, komai ya yi kore shar. Dashe a wannan lokaci ba shi da wahala, kuma hoton da za a ɗauka yana da kyau. Yaro zai koma gida da farin ciki cewa ya dasa itace ɗari.

Abin da bai gani ba shi ne abin da ke zuwa daga Nuwamba. Ruwa ya ɗauke na kusan wata shida. An girbe amfanin gona, an saki dabbobi, kuma babu abin da akuya ke so kamar ɗanyen tsiro a lokacin da ciyawa ta bushe. Ga gara tana ci ta ƙasa, ga wutar daji da mafarauta da makiyaya ke sakawa, ga matar da ke tafiyar kilomita da tulu a ka, wadda ba za ta zuba wa itacen da ba nata ba ruwan da 'ya'yanta za su sha. Itacen da ba a yi masa shinge ba, ba a kuma san mai shi ba, da wuya ya ga damina ta biyu.

Akwai kuma batun ƙasa. A ƙauyuka da yawa na lardin Binuwai, manomi aron gona yake yi ko haya, musamman waɗanda suka yi ƙaura daga Arewa Mai Nisa tun shekarun 1970 suna neman ƙasar noma. A al'ada, dasa itace a gona tamkar cewa ne gonar taka ce. Saboda haka mai ƙasa ba ya so, shi ma mai aro ba ya son rigima. Baƙon da ya zo na mako uku ba zai taɓa jin wannan zance ba, domin ba a faɗa wa baƙo irinsa a zaman farko. Za a karɓe shi hannu biyu, a ba shi fura, a nuna masa fili ya dasa abin da ya kawo, don kunya da girmama baƙo. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa takan sanyaya ƙasa da safe, amma rana na ɗagawa ta tafi.

Darasin Maraɗi da na gawo

Wannan ba ya nufin baƙo ba shi da amfani. 'Yan'uwanmu na Maraɗi shaida ne. A farkon shekarun 1980 wani saurayi ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya je can da niyyar dasa itatuwa, ya yi ta dasawa suna mutuwa. Sai a 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ke fitowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara, ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, kuma saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su. Manoma suka karɓi dabarar, wadda ake kira sassabin zamani, suka yaɗa ta a tsakaninsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Abin lura shi ne, baƙon bai ci nasara ba sai da ya daɗe, ya koyi Hausa, ya daina kallon abin da ya kawo ya fara kallon abin da ya tarar.

A nan arewacin Kamaru ma an ga makamancin haka. A shekarun 1990, wani shirin raya karkara da aka gudanar ta hannun kamfanin auduga na SODECOTON, mai hedkwata a Garwa, ya riƙa ba manoma ɗan tukwici a kan kowane ƙaramin gawo da suka bari ya girma a gonarsu. Ba a kawo iri daga waje ba, ba a yi ban-ruwa ba. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana dawa samun rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan da za su ci. Wannan ilimi ne da tsofaffinmu suka daɗe da shi. Yaron da ya zo daga Turai ko daga Yawunde ya koma gida da wannan sani, ya ƙaru fiye da wanda ya koma da hoton rami ɗari.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Wani zai ce wannan maganar manoma ce da ma'aikatan gandun daji. To, mu duba kayan da ke rumfunanmu. Daddawa daga ɗorawa take. Man kaɗe daga kaɗanya. Ga tsamiya, ga kuka, ga zuma, ga ƙaro. Bandar kifin Lagdo da muke kaiwa Yola da Mubi da itace ake yin ta. Shanun da ake sayarwa a kasuwar Adumri ganyen itace ne ke riƙe su a ƙarshen rani. Duk ranar da waɗannan itatuwa suka ƙare, kayanmu ne suka ƙare.

Ga kuma kogin Binuwai. Dattawa suna tuna lokacin da manyan jiragen ruwa ke zuwa tashar Garwa da damina, su ɗauki auduga da gyaɗa su gangara ta Yola har bakin teku. Dalilan mutuwar wannan harka suna da yawa, amma yashi yana cikinsu. In aka sare itatuwan bakin rafi da na gangaren tudu, ruwan sama sai ya kwashe ƙasa ya zuba a kogi da madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982. Kogin da ya cika da yashi ba ya ɗaukar jirgi da rani, ba ya kuma riƙe ruwa da damina. Waɗanda suka yi asarar kaya a ambaliyar 2012 da ta 2022, daga Garwa har Jimeta da Numan, ba su manta ba.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin hanya, motocinmu ne ke ɗauka. Lokacin da kasuwar itacen madobiya ta buɗe zuwa Sin, aka yi wa dazuzzukan Taraba aski har aka tsallaka iyaka, akwai hannun 'yan kasuwa a ciki, kafin a sanya itacen cikin jerin waɗanda ake taƙaita cinikinsu a duniya a 2017. Jihar Arewa tana da manyan gandun daji uku, Binuwai da Faro da Buba Njidda, kuma in aka haɗa da yankunan farauta da ke kewaye da su, sun haura kashi 40 cikin 100 na faɗin jihar. A farkon 2012 wasu mahaya dawaki ɗauke da bindigogi suka shiga Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda mafakarta ta ƙarshe a duniya ita ce wannan yanki, an neme ta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, aka kuma bayyana ƙarewarta a 2011. Haure da ƙaho ba sa tafiya da ƙafarsu. Sai da mai saye da mai ɗauka.

Abin da za mu iya yi

Ba sai mun jira ranar da yaran Turawa za su dawo ba. Mu da ke bakin iyaka, ƙasar waje a ƙofar gidanmu take. Yaron Jimeta da ya yi hutu a wani ƙauye na Gidar ko Lagdo ya fita waje, haka shi ma yaron Garwa da ya je Fufore ko Maraɗi. Ba ya bukatar dala dubu, ba ya bukatar tafinta, kuma a mafi yawan garuruwan nan muna da maigida ko abokin ciniki da za mu iya ba amanar ɗa. Da ma can haka iyayenmu suka yi, suna tura yaro wani gari ya koyi karatu ko fatauci, saboda sun san tafiya mabuɗin ilimi ce. Yau da yawa daga cikin 'ya'yanmu na birni sun san farashin buhun masara, amma ba su taɓa riƙe fartanya ba, kuma ba za su bambanta kaɗanya da ɗorawa ba.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa suna iya shirya wannan tare da masu gari da malaman makaranta, a wuraren da hukuma ta tabbatar akwai tsaro, domin satar mutane don kuɗin fansa ta addabi wasu sassan karkara, kuma ba a wasa da ran ɗan mutum. A Garwa akwai makarantar horar da ma'aikatan namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suka yi karatu a cikinta. Ilimin da ake nema yana kusa.

Ko namu yaran ne za su je, ko baƙi ne suka zo mana, akwai tambayoyin da ya kamata a yi tun kafin a haƙa rami na farko. Filin na wane ne, kuma ya yarda? Mutanen garin ne suka zaɓi irin itacen, ko kawo musu aka yi? Wa zai yi shinge, wa zai yi ban-ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu, kuma me zai samu? In itacen ya girma, wa ke da 'ya'yansa da rassansa? Cikin kuɗin da aka kashe, nawa ne ya tsaya a garin, a hannun mai masauki da mai abinci da mai gandun reno? Sannan a yi alkawari cewa ba a watan Agusta za a ƙirga itatuwa ba, sai a watan Afrilu. Ɗan kasuwa ba ya lissafin riba ranar da ya sari kaya, sai ranar da ya sayar.

A ƙarshe, a gaya wa yaron gaskiya tun daga gida, cewa ba ceton kowa zai je yi ba, koyo zai je yi, ya taya da ƙarfinsa. Ya gaishe da manya, ya ci abin da aka ba shi, ya yi tambaya kafin ya ɗauki hoton matan mutane, ya saurari tsohon da ya san inda ruwa ke kwanciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya taɓa ɗaukar ruwa a ka don ya shayar da tsiro, da wuya ya girma ya zama mai loda gawayi ba tare da tunani ba.

Malamanmu sun karantar da mu cewa duk wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, yana da lada. Darbejiyar da muke ciniki a ƙarƙashinta yau, wani ne ya dasa, wani kuma da ba mu san sunansa ba ya kare ta daga awaki shekara da shekaru. Allah Ya saka musu da alheri, mu kuma Ya ba mu ikon barin inuwa ga na baya.